Garin da muka gina, sai da kuɗi za mu gan shi?

A watan Nuwamban bara, ruwa ya ɗauke, hazo bai kai ga saukowa ba, ƙanena da ke aiki a Kwatano ya zo hutu Yamai. Ya ce ba zai koma ba sai ya kai mu cin abincin dare a saman wani dogon otel da ke kallon kogi. Ni da maiɗakina muka amsa, shi kuma ya dage sai an tafi da Kawu. Kawu yayan mahaifiyarmu ne, Ba'adare daga wani ƙauye kusa da Tawa. Ya zo Yamai ci-rani tun zamanin Seyni Kunce, lokacin da kuɗin uraniyom ya sa ko'ina ka duba a garin nan gini ake yi. Ya fara da lebura, ya zama magini, ya tsufa a Bukoki cikin gidan haya. Sai da muka sha lallashi kafin ya yarda ya bi mu, don cewa ya yi irin wannan wuri ba don irinsa aka yi shi ba.

A bakin ƙofa kuwa maganarsa ta so ta tabbata. Mai gadi ya bar mu muka wuce, da ya zo kan Kawu sai ya dubi takalmin robar da ke ƙafarsa, ya tambaye shi wurin wa ya zo. Sai da ƙanena ya juyo ya yi magana da Faransanci sannan aka ba shi hanya. Kawu bai ce uffan ba. Ni dai abin ya tsaya mini a rai, har yau kuma bai wuce ba. Ban ga laifin yaron sosai ba. Abin da aka sa shi ne yake yi, kuma da wuya albashinsa na wata ya ciyar da shi sau biyu a wurin da yake gadi.

Mun isa sama rana tana shirin faɗuwa. Kogin Isa ya shimfiɗe a ƙarƙashinmu kamar an zuba narkakken tagulla. Ga Gadar Kennedy, wadda tun 1970 take ɗauke da garin nan a bayanta, cike da motoci da babura da masu tafiya a ƙasa suna komawa Harobanda, har da raƙumi guda da kayansa yana tafiyarsa a tsanake cikin wannan cunkoso. Ga masu wanki suna kwashe shanyarsu daga bakin ruwa, ga kwale-kwale biyu sun nufo gaɓa, ga garaken kayan lambu kore shar sun bi gefen kogin. Can ƙetare ga gine-ginen jami'ar Abdu Mumuni, a bayansu duwatsun nan uku sun tsaya sun yi duhu. Jemagu suka fara tasowa daga itatuwan Plateau, garke bayan garke. Kawu ya kama ƙarfen da aka kewaye wurin da shi da hannu biyu, ya daɗe bai yi magana ba. Can ya ce, "Ɗana, ashe haka garin yake?" Na ce, "Kawu, ai kai ka hau benaye fiye da mu duka." Ya girgiza kai, ya ce, "Wanda ke ɗauke da kwanon siminti a ka ba ya kallon gari. Ƙafarsa yake kallo." Daga nan ya shiga neman unguwarsa. Ya laluba da yatsa daga hasumiyar Babban Masallaci, ya bi ta wajen kasuwar Katako, har ya ce ga Bukoki can. Da ya gano ta, murmushin da ya yi na yaro ne wanda ya hango uwarsa cikin kasuwa.

Tun daga wannan dare nake ta juya magana guda a raina, ita ce kuma na zo in faɗa. Bai dace ba a ce mutumin da ya yi shekara arba'in da ɗoriya a gari, ya ɗora tubalinsa da hannunsa, ya biya harajinsa, ya binne ƴan uwansa a ƙasarsa, ba shi da inda zai tsaya ya ga garin nan gaba ɗaya sai idan yana da kuɗin kwanon abinci a otel. Ganin gari daga sama ya kamata ya zama kamar zama a inuwar bishiyar bakin hanya, wanda ba a tambayar kowa kuɗi ko takalmi.

Kuɗin da ƙanena ya biya mana mu huɗu a daren nan ya zarce jika 42 na sefa, wato mafi ƙarancin albashin wata da doka ta tsayar a Nijar tun farkon 2024. Abincin ya yi daɗi, ba zan ɓoye ba. Giwan ruwa ne aka gasa da kyau, da shinkafa, da zoɓo mai sanyi. Amma kowa a wurin ya san ba kifin kaɗai aka saya ba. Irin wannan kifin ana samunsa a ƙasa da kashi ɗaya cikin huɗu na kuɗin. Sauran kuɗin na tsayi ne, na iska, na kogi da faɗuwar rana. Ban ce mai otel ya yi zalunci ba. Ya zuba dukiyarsa, yana biyan ma'aikata, yana sayen gazuwal don injin wuta, yana da ikon sa wa kayansa farashin da ya ga dama. Sai dai bai haƙa kogin ba, bai dasa duwatsun ba, kuma fitilun da baƙinsa ke sha'awa da dare na gidajen talakawa ne da shagunansu. Abin da yake sayarwa, rabinsa namu ne duka. Idan haka ne, hukumar da ta ba shi izinin ya hau sama a bakin kogin jama'a tana da damar ta ce masa ga abin da zai mayar wa jama'a.

Na san za a ce wannan sha'awar Turawa ce, wai mu ina ruwanmu da kallon gari. Wanda ya faɗi haka bai dubi tarihin ƙasarmu ba. Hasumiyar masallacin Agadas, mai tsawon mita 27, da laka da itace aka gina ta tun farkon ƙarni na 16, kuma bayan kiran salla daga kanta ake hango ayari da mahara. Katsinawa suna da Gobarau. Kanawa suna hawa Dala su nuna wa ƴaƴansu ganuwa da ƙofofi. Yaran Damagaram sun tashi suna hawa duwatsun garinsu. Nan Yamai ma hasumiyar Babban Masallaci, wanda Libiya ta ba da kuɗin gina shi a shekarun 1970, tana da matakala 171. Alhazanmu kuwa, wanne ne ya dawo daga Makka bai ba da labarin dogon benen agogo ba, da yadda ake ganin masu ɗawafi daga sama kamar ruwa yana juyawa? Son hawa tudu a duba gida tsohon abu ne a wurinmu. Abin da yake sabo shi ne a kulle tudun, a ajiye mai gadi, a ce sai mai kuɗi.

A duniya ma ba hanya ɗaya ake bi ba. Akwai hanyar Dubai, inda Burj Khalifa ya kai mita 828, da gidan abinci a hawa na 122, kowane mataki da farashinsa. Wannan kasuwanci ne na masu yawon buɗe ido, ba shi ne abin koyinmu ba. Amma a Tokyo, ginin hukumar birnin yana da ɗakin kallo a hawa na 45, kimanin mita 202 daga ƙasa, kuma kyauta ake shiga. A Landan akwai wani dogon bene na ƴan kasuwa da aka ba izinin gini bisa sharaɗin a buɗe wa jama'a lambu a ƙololuwarsa. An buɗe shi a 2015, mutum yana neman lokaci tun da wuri ya hau ba tare da ya biya ko sisi ba, gidajen abinci masu tsada kuma suna nan a wurin ga mai so. Mai ginin bai talauce ba. Wannan misali na Landan shi ya fi kama ni, domin ba kyautatawa ce ta mai kuɗi ba, sharaɗi ne da hukuma ta gindaya tun kafin a haƙa harsashi.

Bayan mun yi sallar magariba a wani ɗan lungu da aka nuna mana, duhu ya sauka, sai garin ya zama wani abu dabam. Plateau da manyan tituna suka haskaka, gadoji suka yi jerin fitilu kamar tsakiya a wuyan amarya. Amma can gefe akwai wurare masu faɗi da suka yi baƙi ƙirin, sai ɗan haske nan da can. Yaron da ke kawo mana abinci ya lura ina kallon wajen. Ya sunkuyo ya ce, "Baba, can ne unguwarmu. An ɗauke wuta tun la'asar." Ya faɗe shi ba da ƙorafi ba, kamar mai nuna maka hanya. Na tambaye shi ko mahaifiyarsa ta taɓa zuwa nan. Ya yi ɗan murmushi ya ce, "Ina fa, Baba." Ya ɗauki kwanoni ya wuce.

Duk wanda ya zauna Yamai a watan Agustan 2023 ya san abin da wannan duhu yake nufi. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, takunkumin ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, CEDEAO, ya sa Najeriya ta katse wutar da take ba mu, wadda a lokacin ita ce mafi yawan abin da muke amfani da shi. Mun kwana a waje, kayan miya sun lalace, masu walda da masu niƙa da masu sayar da ƙanƙara sun zauna hannu rabbana. Tashar wutar lantarki ta Gorou Banda da injunanta da faifan hasken ranarta ta rage zafi, madatsar Kandaji kuma har yanzu jiranta ake yi. Duk wannan ana jin sa a rediyo. Amma daga saman bene da dare, ba ka bukatar kowa ya karanta maka rahoto. Idonka zai nuna maka inda wuta ta tsaya da inda ta ƙi zuwa, kuma za ka ga iyakar tana bin iyakar arziki sawu da ƙafa. Gani ya kori ji. Ina so ɗan makaranta daga Talladje ko Kirkisoye ya ga wannan da idonsa, ya koma gida da tambaya a bakinsa.

Haka batun kogi. Mutanen Yamai sun san ruwa yana cika sau biyu a shekara: jan ruwa na damina, wajen Agusta da Satumba, wanda rafukan Sirba da Dargol da Gorouol ke kwararowa da shi da jar laka, sai kuma ruwan da ke tasowa tun daga duwatsun Gine, ya yi watanni a hanya ta cikin Mali, ya iso mana cikin sanyi. A watan Satumban 2020 ma'aunin ruwan kogi na Yamai ya kai santimita 700, alhali 620 ne matakin jan gargaɗi. Ganuwar da ke tare ruwa ta ɓalle wajen Lamorde, unguwannin ƙetare suka nutse, mutane suka kwashe abin da suka iya ɗauka a ka. Daga sama, dalilin a bayyane yake ko ga wanda bai yi boko ba. Wannan gaɓar tudu ce, waccan kwari ce. Za ka ga tsibiran yashi da suka cike cikin kogin, ka ga gidajen da aka gina a kan hanyar ruwa, ka ga inda koren shingen itatuwan da aka kewaye gari da shi tun 1965 ya zaizaye, fuloti suka cinye shi. Mutumin da ya taɓa ganin wannan da idonsa, ranar da dillali zai kai shi ya nuna masa fili mai araha a cikin kwari, zai yi tunani sau biyu.

Sai dai akwai haɗari a kallon gari daga sama, kuma ba zan tsallake shi ba. Hangen Dala ba shiga birni ba. Daga can bisa ba ka jin warin kwata, ba ka ganin ramin da ke tsakiyar titi, ba ka ganin ɗan ga-ruwa yana tura baro cikin yashi. Komai yana yin kyau daga nesa. Na yi imani wannan yana cikin abin da ke damun tsarin garin nan. Lokacin da ake shirin taron ƙolin Tarayyar Afirka na watan Yulin 2019, an gina manyan otel, an gyara filin jirgin sama, an ƙawata tituna ƙarƙashin shirin Niamey Nyala. Abubuwa masu amfani sun fito daga ciki, ba na musu. Amma kafin nan, a 2016, an rushe ɗimbin shaguna da rumfuna a bakin tituna, masu su da yawa ba su farfaɗo ba. Idan waɗanda ke yanke hukunci su kaɗai ne ke hawa sama, kuma ba sa saukowa, za su riƙa ganin rumfar mai shayi kamar tabo a jikin hoto. Wanda ya kamata ya hau shi ne wanda ya riga ya san ƙasa. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, to a bar shi ya ga rufin daga waje ma. Kawu da ya duba daga can, ba hoto ya gani ba. Ya nuna mini inda ruwa ke kwanciya kowace damina, ya nuna mini titin da aka yi wa kwalta rabi aka bari.

Maiɗakina ce ta kawo maganar da ta fi kowace nauyi a daren. Ta leƙa ƙasa ta ce, "Malam, ka ga tsakar gidan mutane fa." Gaskiya ne. Kusa da ginin akwai gidaje da ake ganin cikinsu sarai, mata suna girki, an shimfiɗa tabarmi a waje saboda zafi. A garinmu tsakar gida ita ce ɗaki, nan ake wanka da yara, nan ake kwana daga Maris zuwa Mayu. Malaman mazhabar Malikiyya tun da daɗewa sun hana mutum ya buɗe taga da za ta leƙa gidan maƙwabcinsa, don suna ɗaukar hakan cutarwa ce. Yanzu ga wayoyi masu jawo abu daga nesa a hannun kowa. Saboda haka ba kowane rufi ne ya dace ya zama wurin kallo ba, kuma wanda aka buɗe sai a tsara shi ya fuskanci kogi da nesa, a tare ɓangaren da ke kallon gidaje. Haka ma maganar tsaro, a halin da ƙasa take ciki ba wanda zai ce a buɗe bene mai kallon barikin soja ko fadar shugaban ƙasa. Waɗannan dalilai ne na a zaɓi wuri da hankali. Abin mamaki shi ne ba a tuna su idan mai kuɗi ne zai hau, sai idan an ce talaka.

Ni ba hasumiyar gilashi nake roƙo a gina mana ba. Garin da zafinsa ke wuce digiri 40 a watan Afrilu, wuta kuma tana zuwa tana tafiya, dogon ginin gilashi tanda ce mai cin kuɗi, injin hawansa kuma yana iya tsayawa da mutane a ciki. Allah ya riga ya ba Yamai tudu. Gaɓar da ta taso daga Yantala ta bi ta tsakiyar gari har Gamkale tana kallon kogi daga sama, kuma tsofaffin mutanen gari sun san daɗin zama a farfajiyar Grand Hôtel da yamma ana cin tsire ana kallon gada. Abin da ya rage na wannan gaɓa da ba a katange ba, ma'aikatar magajin gari ta tsayar da shi da doka, ta ce na jama'a ne har abada. A sa kujerun siminti, a dasa bedi, a yi makewayi da wurin alwala, a sa fitila mai aiki da rana. A bar mai tsire da mai kilishi da mai fura su zo, da matan da ke sayar da kopto da dambu, a ba su wuri mai tsabta a karɓi ɗan haraji. Magidanci ya zo da iyalinsa da jika ɗaya a aljihu, su ci su ƙoshi suna kallon abin da baƙon otel ke kallo. Wannan ma zai warware wata matsala da ba a cika faɗa ba: iyalai da yawa, ko suna da kuɗin, ba za su kai ƴaƴansu inda ake shan giya a teburin kusa da su ba.

Sannan duk wanda zai nemi izinin gina dogon bene a bakin kogi daga yanzu, a rubuta masa cikin takarda cewa zai buɗe samansa ga jama'a, ko da yini ɗaya ne a mako, ko da safiyar Asabar ce ga ƴan makaranta da malamansu. Manyan gine-ginen gwamnati kuwa, da kuɗin jama'a aka yi su, ba sai an roƙi kowa ba.

Wani abokina malamin makaranta ya ce mini, ƙasar da ke fama da yunwa da ƴan bindiga da ambaliya, ka zo kana maganar kallon faɗuwar rana? Na fahimce shi, kuma ban ce a ɗauki kuɗin asibiti a yi wannan ba. Hana sayar da wani yanki na gaɓa ba ya cin kuɗi, sharaɗi a takardar izini ba ya cin kuɗi. Abin da yake ci shi ne ƙarfin hali a gaban masu neman filin. Kuma filin bakin kogi ba ya jiran a gama yaƙi. Kowace shekara katanga tana ƙaruwa, kuma wanda aka riga aka gina ba a rushe shi don talaka ya sha iska. Ban kuma yarda cewa talaka cikinsa kaɗai gare shi ba. Na ga fuskar Kawu a daren nan.

Da za mu sauko, Kawu ya kira yaron nan mai kawo abinci, ya ce masa, "Samari, idan mutum ya zo da jikokinsa, ba abinci za su ci ba, su duba kawai su sauka, nawa ake biya?" Yaron ya sunkuyar da kai ya ce, "Baba, ba a yin haka. Sai an zauna an ci wani abu." Kawu ya ce to, Allah ya yi maka albarka.

Ranar Juma'ar da ta biyo baya, bayan la'asar, ya kwashi jikokinsa uku a taksi har bakin Gadar Kennedy. Suka taka da ƙafa zuwa tsakiyarta, ya ɗaga ƙaramar ya ɗora a kafaɗa, motoci suna wucewa ta bayansu suna busa musu hayaƙi, yana nuna musu otel ɗin daga ƙasa yana ce musu daga can saman ana ganin Bukoki.